Tukunyar Iskar Mai Walda

Matar mai walda ce ta tsinci gawar. Da hantsi ta tura ƙofar shagon, ƙofar ta buɗe ba tare da ta sa makulli ba. Ta sami mijinta kwance rigingine tsakanin gadajen ƙarfen da yake haɗa wa cibiyar killace marasa lafiya. Ta yi kururuwa har muryarta ta dishe. Duk faɗin layin babu wanda ya leƙo. Dokar kulle ta hana fita, annoba kuma ta hana kusantar gawa.

Caji ofis ɗin unguwar ya zama kango. Wasu 'yan sandan na kwance, wasu an binne su, sauran an baza su a shingayen hanya. Babu hutu, babu canji. Da aiki ya fi ƙarfin waɗanda suka rage, sai aka tuna da masu ritaya. Haka aka kira wata tsohuwar Sufeto ta waya, aka shaida mata dokar ta-ɓaci ta ba da ikon dawo da duk wanda ya taɓa sa kaki. Ta zaro nata daga ƙasan akwati, ya matse ta a hammata, ta sa a haka. Yaran ofis suna kiranta Gwaggo.

Mota ɗaya ta rage wa ofishin, tsohuwar a-kori-kurar sintiri, direba ma ɗaya, wani Kofur da idanunsa suka yi jawur don rashin barci. Shi ya ɗauko ta.

"Ya jikin Inna?" ta tambaye shi a hanya. Ta san ya roƙi shugaban ofis izinin kwana ɗaya ya yi jinyar mahaifiyarsa, aka hana shi.

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Asibiti sun karɓe ta?"

"Sun ce ba gado."

Da suka isa, ya tsayar da motar can nesa da shagon. Ya ce shi a mota zai jira, kada ya kwasar wa tsohuwarsa cuta. Sufeto ba ta musa ba. Ta gyara takunkuminta, ta sa safar hannu, ta shiga.

Jami'in lafiya ya riga ta isowa cikin farin kayansu mai rufe har ka, riƙe da jakar gawa.

"Dakata," ta ce.

"Hajiya, doka ta ce duk gawar da aka samu a gida ko a shago ta annoba ce. A naɗe, a binne. Ba bincike."

"Annoba tana fasa ƙeya?"

"Ni ba likita ba ne. Motata cike take da gawawwaki, rana kuma na yi. Zan kai waɗannan in dawo. Abin da za ki gani ki gani kafin nan."

Ya fita. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Gawar ta sandare, tun jiya ke nan. Ƙeyar a fashe take. A kusurwar teburin ƙarfen da ke kusa akwai busasshen jini da 'yan silin gashi. Tafin hannunsa na dama ya saɓule, kamar wanda ya riƙe sarƙa aka fizge. Wayarsa na aljihu. Injin walda na nan, janareto na nan, akwatin kayan aiki a buɗe ba a taɓa ba.

A bango akwai sarƙar ɗaure tukwane biyu. Gajeriyar tukunyar gas tana wurinta. Kusa da ita babu komai sai zagayayyen shati a ƙasa. Daga shatin, sawun abin da aka mirgina ya miƙe har bakin ƙofa, ya ƙare a kan yashi, inda faffaɗar taya ta tsaya ta juya.

Matar na zaune a dakalin waje, ta haɗa kai da gwiwa.

"'Yata, me ke ɗaure a nan?"

"Tukunyar oksijin. Doguwa ce, baƙa, ta kusa tsayinsa."

"Yana aiki da ita?"

"Ya daina. Tun da aka ce iska ta ƙare a asibitoci ya koma yanka ƙarfe da zarto. 'Yarmu asma gare ta. Ya ce ko duniya za ta taru ba zai ƙona iskar nan ba, ta yarinya ce."

"Yaushe kika ji muryarsa?"

"Jiya da rana ya kira. Da yamma na kira bai ɗauka ba. Na ɗauka aiki ne. Yakan kwana nan idan ya makara, saboda dokar."

"Wa ya san da tukunyar?"

"Mai kemis ɗin can ya yi ta binsa ya sayar masa. Sai ƙanensa, kafinta. Sun yi faɗa a kan shagon nan, gadon mahaifinsu ne. Har ya rantse sai ya fitar da shi."

Kemis ɗin yana tsallaken titi, ƙofa a rufe, ana ciniki ta taga. Mai shi ya leƙo, takunkumi biyu a fuskarsa.

"Malam, ka so sayen tukunyar maƙwabcinka."

"Na taya, ya ƙi. Ciniki laifi ne?"

"Me za ka yi da ita?"

"Ranki ya daɗe, akwai masu kuɗin da za su ba da gida don iskar nan."

"Ina kake jiya da yamma?"

"Nan."

"Taga tana kallon shagonsa. Me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Me ka ji?"

"Rediyo na kunna."

Ta leƙa ciki. Mutum ne siriri, mai ciwon baya, yana dafe da kantar shagon. Ko buhun garin madara ba zai ɗaga ba, balle tukunyar ƙarfe, keke ma ba shi da shi. A bango akwai ƙusa da aka rataya robobin shaƙar iska. Ledar guda ɗaya a yage take, babu komai ciki.

"Wa ya sayi waccan?"

"Ba saya aka yi ba. Na bayar."

"Kai?" Sufeto ta yi 'yar dariya. "Duk unguwar nan an san hannun jarirai gare ka. Ko maganin ciwon kai ba ka ba uwarka kyauta. Wa ka ba?"

"Fuska a rufe take. Kowa yanzu fuska a rufe."

Ya ja tagar ya rufe.

Ta tsaya a tsakiyar titin ta dubi gidajen. Labule na motsi a tagogi, amma babu fuska. Mutanen da suka kwana da yini a kulle, har kare ya wuce sai sun leƙa, a ce an mirgina tukunyar ƙarfe ido na ganin ido ba wanda ya gani? Ruwa ba ya tsami banza.

Kafintan bai yi wuyar samu ba. Matarsa ta ce tun jiya da safe ya fita neman ruwa bai dawo ba. Sufeto ta san inda irin waɗannan suke ƙarewa. Ta sa Kofur ya kai ta filin ƙwallo, inda ake tara masu karya dokar kulle. Kotuna a rufe suke, don haka wanda aka kawo sai ranar da aka ga dama. 'Yan sa-kai ne ke gadi, samari da sanduna da jan ƙyalle a damtse, waɗanda dokar ta ba ikon kamu ba tare da horon yini ɗaya ba.

An zaunar da mutane a rana, kafaɗa da kafaɗa, don a koya musu nisantar juna. Kafintan na cikinsu, jarkarsa a gefe, leɓensa ya tsage.

"Tun yaushe kake nan?"

"Jiya da safe, Hajiya."

Shugaban 'yan sa-kan ya gyaɗa kai. "Ni na kamo shi. Ko fitsari da rakiya yake zuwa."

"Kun yi faɗa da yayanka."

"Mun yi. Shi ya kai ƙarata? Ki ce masa ya riƙe shagon, ya zo ya fitar da ni."

Sai ta gaya masa yayansa ya rasu. Ya kalle ta kamar bai ji ba, ya kifa kansa a kan jarkar, kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Ku sake shi," ta ce.

"Sai da umarnin Yallaɓai," in ji shugaban 'yan sa-kan. "Kuma ko an sake shi, ai ba a zuwa jana'iza."

A bakin filin akwai shinge, babban shingen da ya tare hanyar shiga unguwar mai walda. Motar gidan burodi na tsaye ana duba izininta. Ban da motar sintiri da ta asibiti, ita kaɗai ke yawo a wannan yanki. Sufeto ta waiga. Kofur ya kifa kansa a sitiyari. Ta ƙarasa wurin direban burodin.

"Buɗe baya."

Ya buɗe. Cikin motar kantoci ne na ƙarfe hawa-hawa, an liƙe su da walda. Ko yaro ba zai miƙe a ciki ba. Tayoyin kuma sirara ne.

"Ka bi layin masu walda jiya?"

"Da safe kawai. Da yamma na dawo ta nan na wuce gida."

"An tsayar da kai?"

"Yaran nan sun ɗaga min hannu." Ya yi dariya ta cikin takunkumi. "Jiya na ci riba ma. Kullum sai na ajiye wa Kofur burodi biyu, jiya da yamma ba shi ba motarsa."

"Ina suka ce ya je?"

"Wa zai tambayi ɗan sanda ina ya je?"

Ta sallame shi. Ta zaga bayan motar sintirin a hankali, kamar mai miƙe ƙafa. An wanke bayan motar, a garin da ake kama mutum don ya fita neman ruwa. Amma ruwa bai ɗauke komai ba. A bakin ƙofar baya akwai sabon karce, dogon layi, da baƙin fenti a kan shuɗin motar. Ta durƙusa ta dubi tayar, ta gwada faɗinta da tafin hannu. Ta daɗe a durƙushe, ba don gwiwa ba.

Ta shiga ta zauna ta rufe ƙofa.

"Ofis, Gwaggo?"

"Gidanku. Zan duba Inna."

"Ai ta ji sauƙi."

"To in gan ta da sauƙin."

Bai tayar da motar ba. Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu.

"Ɗana, saurara," ta ce. "Ɓarawo na gari zai ɗauki janareto da waya. Wanda ya shiga shagon nan iska kawai yake so, yana da marar lafiya ke nan. Tukunyar ba ta ɗaukuwa sai a mota, motoci uku ne ke yawo. Ta burodi ba ta cin ta. Ta asibiti ba ta buƙatar roƙon roba a kemis. Mai kemis ba ya kyauta sai ga wanda yake tsoro. Layi guda ba ya makancewa sai idan motar da ta tsaya ta hukuma ce. Jiya da yamma ba ka shinge. Yau ka ƙi shiga shagon, kai da ka ɗauki gawar abokan aikinka da hannunka. Kuma ka wanke mota. Tun da na dawo aiki ban taɓa ganin ka wanke ta ba."

Ya tayar da motar.

Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a gidan haya. Tun daga ƙofa Sufeto ta ji sautin iska, siririn huci marar yankewa. Tsohuwar na kwance a katifa, an tokare ta da matasai, roba a hancinta. Doguwar baƙar tukunyar na jingine a kusurwa, an ɗaure ta da igiyar shanya a ƙarfen taga. Ƙanwar Kofur na zaune tana yi mata fifita.

Tsohuwar ta buɗe ido. "Baƙuwa muka yi?"

"Shugabata ce, Inna."

"Allah ya yi muku albarka," ta ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Ya ce ofis ne suka ba shi. Ashe gwamnati ta san da mu."

Sufeto ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya." Ta fito rumfa. Ya biyo ta.

"Faɗa min."

"Asibiti uku na kai ta, Gwaggo. Ko ƙofa ba su buɗe ba. Na roƙi Yallaɓai, ya ce in na bar shinge ya ɗauke ni a matsayin wanda ya gudu daga aiki. Jiya ƙanwata ta kira ta ce leɓen Inna ya yi baƙi. Na tuna na taɓa ganin tukunyar lokacin da na kai masa gyaran ƙofar mota. Na je na roƙe shi. Na durƙusa masa da kakina. Ya ce ta 'yarsa ce. Na ce 'yarka lafiyarta ƙalau yau, uwata ba za ta kai dare ba. Ya ƙi. Sai na ce na ƙwace ta da sunan doka."

"Sai ya riƙe sarƙar."

"Na fizge. Na ture shi. Ture shi kawai na yi, wallahi. Na ji ƙarar kansa."

"Yana numfashi lokacin da ka fita?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana yi."

"Mota a hannunka. Cibiyar lafiya ba nisa."

"Ɗayansu kawai zan iya ceta, Gwaggo, shi ko Inna."

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, ta sauke. Ta sake duban tukunyar ta ƙofa. Ga shaida a tsaye, baƙa, doguwa, har da sunan shagon da farin fenti a gindinta. A shekarunta na aiki ba ta taɓa barin shaida a baya ba. Wannan kuwa, in ta ɗauka, gawa ta biyu za ta bari.

"Ba ni makullin motar," ta ce. "Kai ka zauna baya."

Shugaban ofis na zaune shi kaɗai a ɗakinsa, wayoyi biyu na ringi a kan tebur, ya ƙi ɗauka. Ya saurare ta har ƙarshe yana murza goshi.

"Kin gama?"

"Na gama, Yallaɓai. Yana zaune a kantar ofis. A rufe shi."

"A ina? An ce mu kwashe ɗakunan tsare mutane saboda cuta. A kai shi wace kotu? Wadda aka sa wa kwaɗo?"

"Kisan kai ne."

"Dokar ta ce jami'i na iya karɓar duk abin da ya ga ana buƙata don ceton rai. Ta kuma ce ba a tuhumarsa kan abin da ya faru yana cikin aikin. Ba ni na rubuta ba."

"Ceton ran uwarsa ne, ba na jama'a ba."

"Uwarsa ba jama'a ba ce?" Ya ɗaga murya, sannan ya sassauta. "Gwaggo, dubi waje. Mutum nawa gare ni? In na rufe shi wa zai tuƙa motar? Ke? Kuma ina gawar da za ki nuna?"

"Tana shago."

"An binne ta tun azahar. Jami'in lafiya ya kira ni. Annoba ce ta kashe shi, haka aka shigar."

"Na ga ƙeyarsa da idona."

"In annoba ta wuce, ki kawo maganar."

"In ta wuce, ƙasa ta cinye ƙeyar."

Ya ɗauki ɗaya daga cikin wayoyin.

Washegari Sufeto ta tafi gidan mai walda a ƙafa. Ta tarar an shafa jan fenti a ƙofar, an gicciya igiya. Tunda an ce annoba ce ta kashe maigidan, doka ta ce a killace iyalinsa, ba shiga ba fita. Maƙwabta sun janye yaransu daga wannan ɓangaren layin. Wani ya ajiye bokitin ruwa can nesa ya gudu.

Matar ta leƙo ta taga. Daga cikin ɗakin ana jin tarin yarinya, busasshe, mai ƙugi a ƙarshe.

"Hajiya, an gano?"

Sufeto ta buɗe baki. Kafin ta yi magana ta ji ƙarar motar sintiri a bayanta. Motar ta tsaya. Kofur ya sauko da bindiga a kafaɗa da kujerar roba a hannu. Doka ta ce a sa ɗan sanda a ƙofar duk gidan da aka killace, kuma shi kaɗai shugaban ofis ya samu ya turo. Ya ajiye kujerar a bakin igiyar ya zauna, ya juya wa tagar baya.

"Na gano, 'yata," Sufeto ta ce.

"Waye?"

Sufeto ta dubi bindigar, ta dubi tagar da ko ƙarfe babu, ta saurari tarin yarinyar. Mace ɗaya da 'yarta, a kulle, sai yadda mai gadi ya yi da su.

"Ranar da aka buɗe miki ƙofa zan zo in gaya miki. Da bakina, a gaban kowa."

Matar ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ɗaga murya kaɗan, cikin ladabi.

"Yallaɓai ɗan sanda, don Allah in jikin yarinyar nan ya tashi, za ka taimaka mana da mota?"

Kofur bai waigo ba.